Malam Taga

Na dawo Kafanchan daga karatu a Kano ina ji da Hausata. Da aka ba ni ajin Turanci na matan zumunta a cocinmu, sai na fassara kalmomin labarin da za mu karanta zuwa Hausa a gefen takarda, har na gayyato Fasto ya ga aiki.

Suna karantawa aka yi tsit. Na ɗauka fahimta ce.

Can Mama Ladi mai citta ta ɗaga hannu: "Ɗana, windo mun sani, filo mun sani. Mene ne kuma taga da matashin kai?"

Da Turanci na ƙare bayanin Hausata, Fasto yana share hawayen dariya.

Har yau ko a kasuwa sai na ji: "Malam Taga, rufe windo, hadari ya taso!"