Ramar Afiniki a Garin Turke

A wani gari da ake kira Turke, ranar suna ake ɗaura wa jariri igiya a ƙafa. Ɗaya bakin igiyar kuma a ɗaure shi a turken da ke ƙofar gidansu, kamar dai yadda ake yi wa awaki da damina. Dalilin ma ɗaya ne da na awakin. Mutanen garin suna da wani ciwo da suka gada: duk abin da ke gonar maƙwabci ya fi nasu kyau a ido. Mai Gari na ainihi, wanda gidansa ke bayan dutse, shi ya sa aka yi igiyar tun farko, don kowa ya san inda nasa ya tsaya.

An ce da fari doguwa ce, har rijiya da kasuwa tana kaiwa. Sai aka kafa Majalisar Kamu don ta kula da tsawonta. Majalisa kuwa ba ta son a ce ba ta aiki, saboda haka duk zaman da ta yi sai ta rage kamu. Wanda ya yi fito da baki ranar hutu, a rage masa. Macen da ɗankwalinta ya zame, a rage mata. Da tafiya ta yi tafiya, gajeriyar igiya ta zama abin ado, manya suka shiga roƙon a rage musu. Akwai dattawan da tsarkinsu ya kai har ba sa iya isa bayan gida.

Ciwon fa yana nan. Igiya ƙafa ta riƙe, ba ta riƙe ido ba. Wata mata mai suna Afiniki, wadda ke noman rama a bayan ɗakinta, ta yi suna da wata doguwar gora mai ƙugiya a kai. Tana tsaye a cikin igiyarta, babu wanda zai ce ta karya doka, amma mangwaron maƙwabta bai taɓa nuna a bishiya ba.

Ana nan sai Ɗan Mai Gari ya sauko daga bayan dutse. Ya bi gida gida yana kwance mutane. Ƙullin ya daɗe, wani har ya shige cikin nama, shi kuwa da hannu yake kwancewa, har tafukansa suka yayyage. Majalisar Kamu ta ga aikinta zai mutu. Ta tattara igiyoyin da ya kwance gaba ɗaya, ta ɗaure shi da su a babban turken bayan gari, ya mutu a nan. Ba a daɗe ba aka tarar da turken babu kowa, igiyoyin a naɗe a gefe. Ashe Ɗan Mai Gari ya tashi da rai. Ya bayyana ga sankiran gari, Baba Zakka, ya ba shi saƙo, ya ce zai koma wurin mahaifinsa amma zai dawo.

Baba Zakka ya hau tudun kasuwa, ya gyara murya, ya ce, "Jama'ar Turke! Daga yau ku masu 'yanci ne..."

Iyakar abin da aka bari ya faɗa ke nan. Mutanen da ba su taɓa gudu ba tun haihuwarsu suka kwasa a guje, suka bi ta kansa, ƙugunsa ya goce. Na can baya kuma, kusa da makaɗa, abin da ya shiga kunnensu shi ne, "Daga yau ku 'yan ci ne."

Haka garin ya rabu biyu. 'Yan Ci suka naɗa Filimon ɗan Lami ya zama Ciroman Ci, saboda shi ne ya fi kowa jin shelar da kyau, ga kuma cikin da zai iya aiki da ita. Waɗanda gudun ya tsorata kuwa suka koma wurin Dattijo Gidiyon, shugaban Majalisar Kamu, suka ce a mayar musu da igiyarsu, iska ta yi wa ƙafarsu yawa. Su ne 'Yan Igiya. Kasuwa ma ta bi sawu. Layin dama igiyoyi kala-kala, har da wadda ba a gani, ta 'yan boko. Layin hagu buhuna da manyan cokula.

Afiniki ba ta shiga ko ɗaya ba, ba don wayo ba, aiki ne ya yi mata yawa. Tun ranar da aka kwance ta, ta dubi gorar nan tata ta ga ba ta ƙara sha'awarta. Ta sare ƙugiyar, ta tokare rumfar Baba Zakka da ke shirin faɗuwa. Gidansa a da igiyarta ba ta kaiwa. Yanzu kullum sai ta kai masa kwaɗon rama, tunda ba ya iya tashi, kuma babu wanda ya koma ya duba shi.

Matsalar ita ce rama. Ganyenta abinci ne, ɓawon karanta kuwa da shi ake tufka igiya. Duk garin Turke babu shukar da ta haɗa bukatun ɓangarorin nan biyu kamarta.

Wata safiya Afiniki ta fito ta tarar da Filimon da mutanensa a gonar. Har da tukunyarsu suka zo, da ƙuli-ƙulin da ba a tambayi inda suka samo ba.

"Salama, Inna Afiniki!"

"Salama kadai, Filimon. Ramar wa kake tsinka?"

"Haba Inna, har yanzu kina zamanin 'ta wa'? An ɗauke mana laifi, ba ki ji ba?"

"Laifinka aka ɗauke. Ba a ce ka ɗauke ramata ba."

"To sai ki yafe. Yafewa baiwarki ce, ci kuma tamu. Kowa da baiwarsa, kada ki raina ta wani." Ya lashi yatsa. "Amma Inna, baɗi ki ƙara taki. Ta ɗan yi tsami."

Suna fita, sai ga Dattijo Gidiyon da nasa mutanen, kowa da lauje. Mai karatu zai ce yaya mai igiya ya isa gonar wani. Ai Majalisar Kamu ta ci gaba. Ta ƙirƙiro turken tafi-da-gidanka, ɗan ƙarami, ana saɓa shi a kafaɗa. Duk inda mutum ya sa ƙafa, yana cikin igiyarsa.

Dattijo ya dubi karan da aka tsige, ya girgiza kai. "Kin gani ko, ɗiyata? Abin da sakin mutane ke jawowa ke nan."

"Na gani, Baba Dattijo. Karan fa, ina yaranka za su kai?"

"Kududdufi, a jiƙa. Aikin tsarki ne. Ɓarna ta yi yawa a gari, igiya ta yi kaɗan."

"Amma nawa ne."

"Ki lura da bakinki. Ni tunda nake ban taɓa wuce igiyata ba." Ya gyara turkensa a kafaɗa. "Ke ma da za ki ɗaura, da mun san ke tamu ce, mu tsare miki gona. Ga wata nan daidai ke, kamu kaɗan, ta mata."

"In na ɗaura wannan, wa zai kai wa Baba Zakka abinci?"

"Sai ki yi masa addu'a daga nan. Addu'a ba ta da turke."

Haka aka yi ta yi. Waɗannan su zo da safe, waɗancan da hantsi. A kasuwa ba sa ga maciji da juna, a gonar Afiniki kuwa ba su taɓa yin karo ba. Aka cinye mata rama, ta rame, amma ba ta rama ba. Har ya rage kunya ɗaya tak a ƙarshen gonar, wadda ta bari don iri. Ta yi fure, 'ya'yan sun fara fitowa, ba su ƙosa ba. In wannan ta tafi, babu abin shukawa baɗi, domin babu mai irin rama a garin sai ita.

Ranar ta kai wa Baba Zakka kwano rabi. Ya leƙa ciki, ya dube ta.

"Afiniki, yau azumi muke?"

"Baba, 'yancin nan da ka yi shela, shi ke nan duka? Babu wani abu a bayansa?"

"Akwai mana. Rabi na faɗa aka tattake ni."

"Shi ne ka yi shiru duk tsawon lokacin nan?"

"Wa ya tambaye ni? Ke kuma na ga kina aikata sauran saƙon, na ɗauka kin ji ne a wani wuri."

Ta ɗora shi a baro, ta tura har Zauren Godiya, inda Wakilin Gari, Mai Girma A-Yi-Haƙuri, yake zama. Wakilin mutum ne mai adalci ƙwarai: bai taɓa ɓata wa mai ƙarfi rai ba, daga kowane ɓangare. Aka tara jama'a, 'Yan Igiya a dama, 'Yan Ci a hagu suna tauna.

Baba Zakka ya ɗaga kai daga cikin baro. "Abin da Ɗan Mai Gari ya ce shi ne, 'Daga yau ku masu 'yanci ne. Na sake ku. Ku riƙe juna.' Iyakarsa ke nan."

Jin haka, har taunar ta tsaya.

Dattijo Gidiyon ne ya fara farfaɗowa. "Ranka ya daɗe, an wanke mu! Ku riƙe juna. Da me ake riƙe mutum in ba da igiya ba?"

Filimon ya miƙe. "Ranka ya daɗe, Baba ya tsufa. Riƙo ai ciyarwa ne. In an ce wane yana riƙon wane, tuwo yake ba shi. Inna Afiniki ce ke riƙonmu, kuma muna yaba mata."

"Ranka ya daɗe," in ji Afiniki, "ni ban iya fassara ba. Kunya ɗaya ta rage mini. A bar ta ta bushe in sami iri. Baɗi in Allah ya kai mu, mai ci ya zo in zuba masa da hannuna."

"Kun ji ko?" in ji Dattijo. "Sharaɗi take gindaya wa umarni."

"Kuma 'baɗi' take cewa," in ji Filimon. "Rashin bangaskiya. Mai bangaskiya yau yake ci."

Karo na farko ke nan da aka ji bakinsu ya zo ɗaya. Wakili ya ji daɗi har ya share hawaye. Ya ce ya ga alamar haɗin kai, kuma ba zai bari ta wuce ba. Ya yanke hukunci: ganyen kunyar ƙarshe na 'Yan Ci ne, karan na 'Yan Igiya, ladan kuma duka na Afiniki.

"A yi haƙuri," ya ce mata.

Jama'a suka tashi suka riƙe hannun juna, kamar yadda saƙo ya ce, suka nufi gonar suna waƙar godiya. Sun manta da Baba Zakka a baro. Afiniki ce ta tura shi gida, sannan ta koma ta tsugunna a kunyar tana tsintar 'ya'yan da suka zube. Ta matse ɗaya, ruwa ne kore a ciki.

Karan ya jiƙu, aka ɓare, aka tufka igiya mai kyau, fara sol, irin wadda ba a taɓa gani ba. Aka sa mata suna Igiyar Zumunci, aka rataye ta a ƙofar gari. Sai dai an rasa wanda za a ɗaura wa. 'Yan Igiya kowa da tasa. 'Yan Ci sun ce su ba sa sha'awa. Afiniki kuwa an yi shawara a bar ta a sake, ko Allah zai sa ta samo iri a wani wuri.

Ana cikin haka, da la'asar, wani baƙo ya sauko ta hanyar bayan dutse. Dattijo Gidiyon da Filimon suna zaune a ƙofar gari a kan tabarma ɗaya, don yanzu sun zama abokai. Afiniki na dawowa daga rijiya da tulu a ka.

"Salama gare ku," in ji baƙon. "Na wuce wata gona an share ta tas, ko iri ba a bari ba. Ta wa ce?"

"Ta zumunci ce," in ji Filimon. "Malam, kai na wane ɓangare ne? Ina buhunka?"

"Ba ni da buhu."

"Igiyarka fa?" in ji Dattijo, yana duban ƙafarsa.

"Ba ni da ita. Na bar wani saƙo ne a garin nan, na zo in ga yadda aka yi da shi."

Dattijo ya dubi Filimon, Filimon ya dubi Dattijo. Mutum ba buhu, ba igiya, ga tambaya. Irin Afiniki ne, kuma guda ɗaya ma ta ishi gari. Idanunsu suka tafi kan abin da ke rataye a ƙofa.

Tulun Afiniki ya faɗi ya fashe. "Baba Dattijo! Filimon! Don Allah ku dubi hannunsa!"

Suka duba. Tafukan duk tabo, irin wanda igiya ke bari.

"Madalla," in ji Dattijo Gidiyon, yana miƙa hannu sama ya ciro igiyar. "Ashe ya saba."