Haƙorin Nomau da Janaretan Aro

"A cire shi kawai!"

"Haba Inna, da me zai ci rake?"

"Ke Tabawa, ke kika haife shi ko ni?"

Uwa da mata ke nan a tsakar gida, suna gardama a kan turmin haƙori guda. Mai haƙorin, Nomau mai rake, yana zaune kan tabarma riƙe da kunci. Shi Nomau, abin da aka ce masa shi yake yi, ba ragi ba ƙari. Kuma ba ya cinikin rake sai ya fara gatsa a gaban mai saye ya ce, "Ka ji zuma!" In haƙorin nan ya tafi, kasuwa ta tafi. Tabawa ta yi nasara, aka nufi asibitin haƙori.

Wata rana Dokta Ramlatu ta kwantar da shi ta ce, "Malam Nomau, buɗe baki, kada ka rufe sai na ce." Ta huda haƙorin, ta zare jijiyar da ta ruɓe, ta toshe ramin na wucin gadi, ta shiga duba wani majinyaci. Nomau ya hau acaɓa da baki a wangame har gida. Tuwo ya gagara, sallama ta gagara. Sai da Tabawa ta kira likita a waya ta kara masa a kunne, aka ce, "Rufe!" Ya rufe, har da ƙuda biyu a ciki.

Wata rana kuma likita tana wanke ramin saiwar da ruwan magani, ta nuna masa wani siririn tsinke mai rawa zzzz. "Ka gani? Ruwan nan in ya kwanta shiru ba ya fidda datti daga lungu. Sai an girgiza shi a cikin haƙorin." Nomau ya riƙe maganar. Da yamma aka same shi a shagon niƙa, ya manna kunci a jikin inji, kansa fari fat da gari, leɓɓansa na rawa.

"Malam, lafiya?" in ji Tabawa.

"M-m-magani nake g-g-girgizawa."

Toshiyar ta faɗo, haƙori ya koma zugi. Da aka koma asibiti, likita ta dafe kai. "Girgiza aikin na'urata ne, ba na injin masara ba! Talata ce dama ta ƙarshe. In bai wanku ba, cirewa za a yi."

"In aka ɗauke lantarki fa, likita?"

Ta harare shi, ta ce da gatse, "To ka taho da janaretanka."

Wata rana, wato Talatar, sai ga Nomau yana turo baro, janaretan da ya aro a wurin mai cajin waya a ciki, Inna da Tabawa a baya suna rufe fuska. Masu jiran layi suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Likita ta zuba ruwan magani, ta sa tsinke, ya fara zzzz, sai ɗif, lantarki ya tafi. Aka ja janaretan asibiti, ya yi tari sau biyu ya mutu. Likita ta leƙa waje, ta ce a hankali, "Wannan baron... a shigo da shi."

Tabawa ce ta ja igiya. Tsinke ya tashi, ruwa ya yi kumfa, datti ya fito, aka sake zubawa har ya fito garau. Aka cike ramin. Tabawa ta rangaɗa guɗa a cikin asibiti, masu dariya suka koma tafi.

"Haƙorinka ya tsira, Malam Nomau," in ji likita. "Tashi, an gama."

Nomau ya leƙa tanki, ya dubi Inna, wadda ko haƙori ɗaya babu a bakinta.

"Likita, da sauran mai. A kwantar da Inna a girgiza mata dasashi."