Takabar Shamuwa

A Rafin Kuka akwai wani gida mai mutum uku: Inna Tabawa, da babban ɗanta Hashimu mai gyaran rediyo, da ƙaninsa Nomau, wanda Allah ya ba kunnuwa biyu lafiyayyu, sai dai magana yadda ta shiga haka take zama, ba ta lanƙwasa. Ta huɗunsu Shamuwa ce, wato ɗan jirgin sama da Hashimu ya ƙera da hannunsa, yake tashinta duk Asabar a filin bayan gari tare da abokansa. Rimot ɗinta tsohon yayi ne, eriyarsa ta fi sandar makiyayi tsawo. Irin waɗannan, in biyu masu lamba ɗaya suka kunnu tare, sai jirgi ya rikice ya faɗo. Shi ya sa aka kafa allo a filin, kowace lamba da feginta irin na shanya, ba ka kunnawa sai fegi na hannunka. Na Hashimu lamba bakwai.

Wata rana ciwo ya kayar da Hashimu. Ana sa shi a mota za a kai shi asibitin birni, ya miƙo fegin.

"Nomau, riƙe mini wannan har in dawo."

"To, Yaya."

Kwana tara ya yi, a can aka yi masa sutura. Nomau bai saki fegin ba. A hannun dama aka ba shi, don haka tuwo ya koma ci da hagu. In zai yi alwala, sai ya maƙala shi a kunne.

Inna ta ce, "Kai, bawan Allah, ajiye icen nan! Wanda ya ba ka ya tafi."

"Ai bai ce har ya tafi ba, Inna. Har ya dawo ya ce."

Wata rana Malam Ilu, aminin marigayin kuma shugaban 'yan filin, ya zo duba Shamuwa. Ya taɓa nan, ya taɓa can, ya ce, "Batirin nan ya mutu." Nomau ya yi salati. "Shi ma?" Ya naɗe batirin a farin ƙyalle, ya binne shi gindin zogale, ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida yana jiran masu gaisuwa. Maƙwabta suka zo a guje, suka ji ko wane ne mamacin, suka fashe da dariya. Nomau ya ce, "Shi dai na samu na raka shi." Dariyar ta ɗauke.

Wata rana 'yan filin suka taru da sababbin rimot, ƙanana, eriya kamar ɗan yatsa. Allon fegi tuni ya tafi murhu. Malam Ilu ya ce, "Yanzu ba ruwan kowa da fegi. Ɗaura wa jirgi aure ake yi da rimot kamar amarya, daga nan ba ta jin muryar kowa sai ta mijinta. Nomau, kawo Shamuwa mu ɗaura mata, kada wata rana ta faɗo mu rasa abin tuna Hashimu."

Nomau ya rungume ta. "Haba, Malam! Takaba take yi. Sai ta cika wata huɗu da kwana goma."

Aka yi juyin duniya, ya ƙi. Ya kai ta ɗaki ya lulluɓe ta da zanen Inna.

Wata rana takaba ta cika. Malam Ilu ya ce a yi mata tashin ban kwana da tsohon rimot ɗinta, sannan a ɗaura auren. Aka sa mata sabon batiri. Har Inna ta zo. Shamuwa na hawa sama, Malam Ilu ya ce, "Nomau, ka tsare ta, kada kowa ya taɓa ta." Nomau ya rasa yadda ake tsaron abin da ke cikin gajimare. Ya waiga, sai ga wani baƙo daga birni, Alhaji Mamuda, yana zaro doguwar eriya daga bayan mota. Nomau ya ruga ya kama shi ta baya, suka zube ƙasa, hula ta yi nata wuri.

"Ba ka da fegi! Ba ka da fegi!"

Aka ɓamɓare shi ana ba Alhaji haƙuri. Wani ya ɗauki rimot ɗin Alhajin yana kaɗe masa ƙura, sai ya tsaya cak. A jikinsa an rubuta bakwai. Da Alhaji ya kunna, da a buhu za a kwashe Shamuwa.

Ta sauko lafiya, ta gangaro ta tsaya kusa da ƙafar Nomau. Malam Ilu ya share ido ya ce, "To, ga ta ta dawo. Saki fegin haka."

Nomau ya dubi hanyar birni. "Ita ce ta dawo."

Da suka koma gida Inna ta ajiye masa tuwo, ta miƙa hannu.

"Kawo in riƙe maka, ka ci da dama."

Ya ba ta. Ya ci, ya wanke hannu, ya miƙo a mayar masa. Inna ta damƙe fegin a ƙirjinta.

"Bari tukuna," in ji ta.