Yadda Na Kayar da Kaina a Gumbin Kure

Ba zan taɓa mantawa da kakar farko bayan an ba mu jihar Kebbi ba, don a cikinta na je da ƙafata na sayo kunya. Har yau in na tuna, raina ɓaci yake yi.

Wata uku na yi ina koyon judo wurin Baba Kofur, wani tsohon ɗan sanda a Sabon Garin Jega. Shi ya ce mana asalinta jujutsu ce, kokawar da mayaƙan Japan ke yi in takobi ya kuɓuce. Ya kuma hana mu kai ta dandali. (Nan ne kunnena ya toshe.)

Na cika samarin unguwa da baki, wai kokawarmu ƙarfin jaki ce kawai. Suka ce in na kada Ɗan Jimma, gwanin Gumbin Kure, duk za su zama ɗalibaina. Muka cika mota, sai garin Gumbin Kure.

Ita judo riga ake kamawa. Mutumin nan ya fito daga shi sai walki, jiki na santsi kamar tarwaɗa. Na lalubi abin riƙo, babu. Sai na sarƙe wuyansa, na kwanta da baya da gangan, na dasa ƙafa a cikinsa, na wurga shi. Wallahi ya tashi sama kamar buhun albasar Aliero, ya faɗi tim!

Na miƙe ina jiran kirari. Makaɗi ya ratsa ta gabana, ya nufi Ɗan Jimma.

"Ni fa na jefa shi!" na ce da dattijon da ke alƙalanci.

"Ɗana, bayan wa ya hwara taɓa ƙasa?"

"Nawa. Amma dabara ce, ta Japan!"

"To tahi Japan su yi maka kiɗi. Nan garin, wanda ya kwanta ya hwaɗi."

Ɗan Jimma ya kakkaɓe jiki ya miƙo mini hannu. "Na gode, aboki. Ban taɓa kada mutum ina sama ba."

Ɗalibi ko ɗaya ban samu ba. Baba Kofur ya yi wata bai amsa gaisuwata ba, kuma yana da gaskiya, girman kai ne ya kai ni. A Jega har gobe Kwanta-da-kanka ake ce mini.

Yanzu kafin in kai wa mutane dabara, sai na tambayi me suke kira faɗuwa. Amma ni dai na jefa shi.