Sufeton Alkama da Kaskon da Ya Ɓace

Garin nan ya yi rashi, kuma har yanzu bai san girman rashin da ya yi ba. Masu gidajen abinci dai sun sani, don tun da labarin rasuwar Sufeto ya zagaya, kukunsu ke suya hankali kwance, ba mai leƙo su ta taga da tocila. Allah ya jiƙan abokinmu. Mutum ne da ya ɗauki cikin jama'ar gari kaf ya ɗora a kansa, ba wanda ya roƙe shi, ba wanda ya naɗa shi, kuma bai taɓa kukan nauyi ba.

A takarda ba sufeton komai ba ne. Sito ya tsare a wani kamfanin fenti har ya yi ritaya. Sarautar ta zo masa ne ta hanyar matarsa, Malama, wadda ke koyarwa a firamare. Ta daɗe tana ramewa, duk abin da ta ci sai ya zame mata faɗa. Da aka gama gwaje-gwaje, likita ya ce hanjinta ne ba ya jituwa da gulutin, wani sinadari da ke cikin alkama da danginta. Burodi, taliya, kek, duk abin da fulawa ta taɓa, ko ɓurɓushi ne, sai ta yi sallama da shi har abada. A ranar, abokinmu ya fita barandar asibiti, ya juya wa mutane baya, ya yi kuka kamar ƙaramin yaro. Wannan gaskiya ne, a rubuta masa shi. Washegari kuwa ya sayi farar riga irin ta likitoci, da ƙaramar tocila, da madubin ƙara girman rubutu. Ciwo ya kama Malama, muƙami ya kama mijinta.

Shi kansa, ko ƙusa ya haɗiye sai ta narke. Amma wannan bai hana shi zama shugaban masu ciwon ba. A kanti yakan ɗauki gwangwani, ya kara madubi, ya karanta abin da ke jiki da babbar murya, don waɗanda ke kan layi su amfana kyauta. Ya taɓa tsare leda ta gishiri da tambayoyi har mai kanti ya ba shi kujera. Mu ne muka sa masa Sufeton Alkama don tsokana. Ya karɓi sunan da hannu biyu, ya ce dama ya lura mun daɗe muna neman yadda za mu girmama shi.

Malama kuwa burinta ƙarami ne. So take ta zauna a gidan abinci kamar kowace mace, a kawo mata abinci mai zafi wanda ba ita ta dafa ba, ta ci, ta tashi, ta kwana lafiya. Shi ke nan. Sufeto ya ji wannan buri, ya buga ƙirji ya ce ya ɗauke mata. Daga ranar ta daina cin abinci mai zafi a waje.

Ga yadda abin yake tafiya. Za su shiga, ta zauna ta gyara mayafi, shi kuma ya tsaya ya ɓalle maɓallin farar riga, ya sa a kira manaja.

"Ni ba cin abinci kawai ya kawo ni ba," in ji shi, yadda teburin ƙarshe zai ji. "Wakilin hanjin al'umma ne. Wannan baiwar Allah da kuke gani majinyaciyata ce. Kafin cokali ya kai bakinta, sai na ga kicin, na ga mai, na ga hannun kuku, na kuma ga abin da kuku ya taɓa kafin ya taɓa abin da ya taɓa."

Duk gidan sai a juyo a kalli majinyaciyar, ita kuma ta kalli gishirin da ke kan tebur kamar yau ta fara ganin gishiri. In manaja mai zafi ne, a nuna musu ƙofa. In mai haƙuri ne, Sufeto ya shige kicin, ya haska tukwane, ya shinshina ludayi, ya yi wa kuku lacca a kan hanji yana zana shi da yatsa a jikin firiji. Kafin ya fito, abinci ya yi sanyi, mai ya daskare a gefen faranti. Sai ya ja kwandon burodin da aka ajiye wa baƙi ya cinye tas, wai don kawar da haɗari daga gabanta. Sannan ya sa cokali a farantinta don gwaji, domin a cewarsa harshensa ya fi na'urar asibiti gane alkama. Gwajin Sufeto ba ya ƙarewa sai faranti ya koma rabi.

Sau ɗaya harshen nan mai albarka ya wanke wata miya da aka kaurara da fulawa. Malama ta kwanta kwana da kwanaki. Bai bar gefen gadonta ba, yana matsa mata ƙafa, yana kawo ruwan ɗumi, idonsa jajur. Da ta ji sauƙi sai ya bayyana sakamakon bincikensa: miyar ba ta da laifi, iska ce ta kwaso ƙurar fulawa daga gidan burodin da ke tsallaken titi.

Malama ba mai gardama ba ce. Ta koyi dafa ƙwai ta ci a tsaye a kicin kafin su fita, don kada yunwa ta kashe ta a gaban abinci.

Ana haka, wata rana da tsakar rana ta bi ta bayan makarantarsu, ta ga wani ɗan ƙaramin gidan abinci, tebur bai fi a ƙirga da yatsun hannu ba. Mai gidan wata mata ce da kowa ke kira Doguwa, don sai ta sunkuya take shiga ƙofar kicin ɗinta. Malama ta matsa kusa, ta faɗa mata matsalarta a hankali, ba wanda ya juyo. Doguwa ba ta ɓoye mata komai ba. Ta ce kifinta tana barbaɗa masa fulawa kafin ta soya, kuma kasko ɗaya ne, mai ɗaya ne. Amma in Malama za ta kawo nata kaskon, za ta kafa masa ƙusa shi kaɗai, ta ware masa cokali da sabon mai, ba abin da zai shiga cikinsa sai nata.

Kasko ɗaya ne a gidan Malama da fulawa ba ta taɓa shiga ba, kuma shi ne abin alfaharin Sufeto. Shi ya taɓa ƙona mariƙinsa garin nuna mata yadda ake suya, ya kuma ɗaure shi da jar waya, ya yi sati yana nuna wa baƙi ɗaurin. Malama ta sa shi a jaka ƙarƙashin littattafan yara ta fita da shi. A ranar ta ci kifi da dankali suna tururi, ita kaɗai, ba lacca, ba cokalin kowa a farantinta. Ta kwana lafiya. Ta koma, ta sake komawa, har Doguwa ta daina tambayarta abin da za ta ci.

Sufeto kuwa ya buɗe bincike a kan ɓatan kasko. Ya haska ƙarƙashin gado, ya auna tsawon katanga da ido, ya yanke hukunci a kan maƙwabcinsu, wani tela mai shiru-shiru da ya taɓa shigowa aron tsani. Daga nan in telan ya gaishe shi, da hanci yake amsawa. Malama ta sha cewa, "Baban yara, ka bar bawan Allahn nan, ba shi ba ne." Sai ya ce ita malama ce, shi kuma sufeto, kowa ya tsaya a fanninsa.

Sai wata rana ya dawo gida yana walƙiya. Ya ce majiyoyinsa sun tsegunta masa wani ɗan gidan abinci a bayan makarantarsu, abin kunya ne ma a ce kullum tana wucewa ba ta taɓa lura ba. Ranar Asabar zai kai ta, ya duba wurin da kansa.

Malama ta gane wurin Doguwa yake nufi. Wuri ɗaya tak take da shi a duk faɗin garin. Ta san halin Doguwa, mace ce da ko mijinta ba ya taka mata kicin. In Sufeto ya yi abin da ya saba, za a miƙo musu kaskonsu ta taga, a rufe ƙofa. In kuma ya gane kaskon, zai san matarsa ta daɗe tana ƙoshi a bayan idonsa, ba da taimakonsa ba, kuma wannan ne abin da zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. Ta je ta sami Doguwa ta roƙe ta abu biyu: ta yi kamar ba ta san ta ba, ta kuma yi haƙuri da duk abin da za ta ji. Doguwa ta ce na farko mai sauƙi ne, na biyun sai yadda hali ya yi. Da tsoro da sauri, ba wadda ta tuna a sauke kaskon daga ƙusarsa.

Asabar ta zo. An goge farar riga har tana ɗaukar ido. Sufeto ya tsaya tsakiyar ɗakin ya nemi manaja. Doguwa ta fito, ta naɗe hannu a ƙirji, ta ce ita ce manaja, ita ce kuku, ita ce mai wanke-wanke, wanne yake nema? Ya ɗaga kai sama don ya ga fuskarta, ya yi jawabinsa daga farko har ƙarshe, bai rage ko majinyaciyar ba. Da ya zo kan shiga kicin, Doguwa ta buɗe baki. Sai ta hango Malama a bayansa ta haɗa hannu biyu a ƙirji tana roƙonta. Doguwa ta rufe bakin, ta matsa gefe.

Ya haska tukwane. Ya shinshina ludayi. Sai hasken tocila ya sauka a kan kasko, shi kaɗai a ƙusarsa, da jar waya a mariƙi.

Malama na bakin ƙofa tana kallo. Sufeto ya sauke kaskon. Ya juya shi. Ya ciro madubi ya kara a kan wayar, ya daɗe yana kallo, har aka ji ƙarar firiji. Ya tambayi Doguwa dalilin ware shi. Ta ce na wata mai irin ciwon matarsa ne, ba abin da ke shiga ciki sai nata.

"Maman yara, zo ki ga ilimi," in ji Sufeto. "Ashe koyarwata ta iso har lungun nan. Kasko ne irin namu da aka sace. Sai dai duk wanda ya ɗaure wannan wayar bai san aiki ba. Baiwar Allah, da kin ga yadda na ɗaure namu, da kin kore shi."

Doguwa ta juya ta hau wanke faranti mai tsabta, kafaɗunta suna rawa. Ya ba da umarni a roƙi mai kaskon ta ara wa matarsa na yau. Doguwa ta ce tana jin ba za ta ƙi ba.

Da abinci ya zo, kifi da dankali ne suna tururi, don an gama binciken kafin a ɗora wuta. Ya kawar da haɗarin burodi kamar kullum, ya yi gwajinsa, ya lumshe ido ya ce babu ko ƙwaya. Malama ta ci rabin da ya rage da zafinsa, mijinta na zaune gabanta yana kallon bakinta kamar shi ya ƙirƙiro kifi. Ta ce a duk zamansu ba ta taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na ranar ba. Bayan sati ya kawo wa Doguwa satifiket mai hotonsa, hoton ya fi rubutun girma. Mu kuwa mun sha labarin yadda ya gano wurin bayan dogon nazari, har muka haddace.

Bai daɗe bayan nan ba zuciyarsa ta kwantar da shi, kuma bai tashi ba. Majalisarmu ta yi shiru irin wanda ba mu saba da shi ba. Ba mai gyara mana magana, ba mai karanta mana jikin kwalbar lemo. Wallahi da za a dawo mana da shi, da mun zauna ya zana mana hanji a jikin bango har magariba.

Malama ta koma wurin Doguwa bayan ta ɗan samu kanta. Aka kawo mata faranti cike, yana tururi, ba cokalin kowa a ciki. Ta ci rabi ta tsaya. Har yau rabi take iya ci.

Mu abokansa muna da wani zato da muka riƙe don ya sanyaya mana rai. Muka ce ai ba yadda za a yi mutum ya kasa gane ɗaurin hannunsa. Lallai ya gane, ya haɗiye, ya rufa wa matarsa asiri, ya zaɓi a yi masa dariya a kan ya kunyata ta. Da muka je gaishe ta muka faɗa mata haka, muna share ido.

Ta yi dariya har hawaye ya zubo mata. Ta ce ita ma ta so a ce haka ne. Amma a asibiti, da ya ji jiki ya yi nauyi, ya kama hannunta ya ce ta shaida ya yafe wa kowa duk abin da aka yi masa a duniya, har da telan nan da ya sace musu kasko.

Ya ɗan huta, sannan ya buɗe ido ya ƙara da cewa, amma a faɗa masa ya dawo da shi.