Rasuwar Mitar da Maigida Ya Ba Ni

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kai da ya kasa ɗaguwa, nake sanar da abokan sana'a da ɗalibaina rasuwar mitata ta awon wuta, 'yar rawaya mai tsagaggen gilashi. Rai ya yi halinsa a ɗakin gwaji na makarantar koyon sana'a, a hannuna, a gaban aji cike maƙil.

Marigayiyar ba sayenta na yi ba. Maigidana da ya koya mini aikin lantarki shi ya danƙa mini ita ranar da idanunsa suka gaza, ya rufe shago. Tun daga nan, duk ziyarar da na kai masa da ita nake zuwa, ya sa in haɗa bakin wayoyinta biyu don ya ji muryarta. Ta ce "tiiit", tsoho ya yi murmushi, sannan a gaisa.

An shaide ta da gaskiya. Batirin da ya mutu, ko na shugaban makaranta ne, sai ta ce ya mutu. Ta sha faɗowa daga tebur, ba ta taɓa riƙe kowa a zuciya ba.

Ciwon ajalinta ya fara ne da ƙonewar fis ɗinta, wanda ke kare ta idan wuta ta yi yawa. Maimakon in sa sabo, na ɗaura 'yar waya, da niyyar gobe. Ranar da abin ya faru ina koyar da yadda ake kunna ƙwan LED da batirin babur. Batiri bolt sha biyu, ƙwai na cin biyu, saura goma. Ƙwan na son karan, wato gudun wuta, miliam ashirin, aka raba, ya ba da razista, abin rage wuta, mai om ɗari biyar. Aka ninka bolt da karan, ƙarfin duka bai kai rubu'in wat ba. Lissafi ya fita tas, ƙwai ya kama, ɗalibai suka tafa. Tafin nan ne ya hau mini kai.

Na ce bari mita ta tabbatar. Na juya ta zuwa awon karan, fuskata na kallon aji, bakina na maimaita dokar da nake yi musu tsawa a kanta kullum, cewa a jere ake sa mita, ba a taɓa ɗora ta kan kawunan batiri biyu. Ina faɗa, hannuna na aikata abin da nake hanawa. Kalmarta ta ƙarshe "fat" ce, sai ɗan hayaƙi da wari. Da dariya ɗaliban suka yi da ya fi mini sauƙi. Sannu suka riƙa yi mini ɗaya bayan ɗaya, wasu har suna rubuta abin a matsayin darasi.

Ta rasu ta bar wayoyi biyu, ja da baƙa, da jakar da uwargidan maigida ta ɗinka mata, da ƙwan LED wanda ko mura bai yi ba, da batirin babur da har yau bai nuna nadama ba.

Akwai abin da ya fi wannan nauyi. Bayan rasuwar na je gaida maigida da gawar a jaka. Ya miƙo kunne kamar kullum. Ni, magidanci mai furfura, na haɗa wayoyin, na matse leɓe, na yi kukan mitar da bakina. Tsoho ya tambayi iyali, ya sa aka kawo mini ruwa. Sai da na sa takalmi ya kira ni da sunan da yake kirana ina yaro, ya ce a iya zamansa da mitar bai taɓa jin ta ja numfashi kafin ta yi kuka ba. Na so ƙasa ta tsage.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi a gidan maigida, bisa umarninsa. Ya ce a zo masa da ita a buɗe, yana so ya shafa inda fis yake da yatsansa. Ba ya gani, amma yatsan nan ya san waya. Masu zuwa ta'aziyya kada su tsaya neman mai makoki a cikin rumfa. Ina bakin ƙofa, wajen takalma.