Baiwar Allah Mai Jan Baki

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da bakina ya raba ni da Baffa Buba ba, ko da yake na sha roƙon Allah ya mantar da ni.

Lokacin ina ƙaramin ma'aikaci a Dutse, cikin shekarar da aka ƙaddamar da shari'a, ina haya a ɗakin da ke jikin zauren Baffa. Dattijon Bafulatani ne da ya rage shanunsa ya dawo gari da zama. Bai taɓa ɗaukata ɗan haya ba. Kullum sai an miƙo mini ƙwaryar fura da nono daga cikin gida, in zazzaɓi ya kayar da ni shi ke zama a bakin ƙofata. Ni da na tashi maraya, "ɗana" ɗin nan da yake kirana ya fi mini komai daɗi a garin.

Ana nan sai wani abokina da ke aiki a fadamun Haɗeja ya bar mini tsohon madubinsa na hangen nesa, ya ɗan koya mini kallon tsuntsaye. Shi ke nan na zama gwani (gwanin da saninsa bai wuce kurciya da hankaka ba). Ƙananan ne suka hana ni sakat, duk launinsu ƙasa-ƙasa, ga su ba sa zama wuri ɗaya. Abokina ya ce baki ake fara dubawa. Gwara bakinta duhu ne. Baiwar Allah kuwa, 'yar mitsitsiyar nan mai shiga gidaje tana tsintar tsaba, namijin ja ne, macen launin ƙasa ce, sai dai bakinta ja, da ɗigo-ɗigon fari a gefen ƙirji. Na ƙudura sai na gane macen nan da idona.

Akwai wani dutse a bayan gidan da nake hawa da yamma. Daga kansa ana hango tsakar gidan Baffa, inda tsuntsaye ke taruwa a gindin turmi saboda dusa. Wallahi ko sau ɗaya bai zo mini a rai cewa gidan mutane nake leƙawa ba. Ni turmi kawai nake gani, da abin da ke tsalle a gindinsa.

Ranar, bayan la'asar, sai ga tsuntsuwar ta sauka. Na saita madubi. Ban ji takun kowa ba, sai muryar Baffa a bayana, ashe sun biyo ta nan ne shi da ladanin unguwa.

"Ɗana, me kake kallo haka?"

Ko madubin ban sauke ba. Cikin murna na ce, "Baffa, wata baiwar Allah ce! Na daɗe ina fakonta, sai yau ta tsaya mini. Kai, ka ga jan bakinta kuwa? Bari ta juyo in ga ƙirjin."

Nan take na sake jin maganata da kunnen wasu. Na sauke madubin, sai a sannan na ga abin da su suke gani: amaryar ɗan Baffa tana surfe a wannan turmin, daga ita sai ɗaurin ƙirji.

Ladan ya yi salati. "Malam, a wannan zamanin? A gaban maigidan?"

Na ce, "Tsuntsuwa ce! Wallahi tsuntsuwa nake nufi!" Da na tsaya a nan, wataƙila da an yi dariya an wuce. Amma don in wanke kaina sai na kama madubin na manna wa Baffa a ido, ina cewa ya duba da kansa. Salatin ladan ya riga ya kori tsuntsuwar. Abin da ya cika idon dattijon shi ne matar ɗansa, wadda don kunya ko sunanta ba ya faɗa, ko inda take ba ya kallo. Ni na sa ya kalle ta, a gaban baƙon ido.

Ya janye fuskarsa kamar wanda ya taɓa tukunya mai zafi. Ladan ya fara maganar a kai ni wajen 'yan hisba, Baffa ya ɗaga masa hannu.

"Bar shi. Yarona ne, a gidana yake."

Daga nan ya juya ya sauka. Da duka ya sa aka yi mini, da ya fi mini sauƙi.

Bai kore ni ba, bai kuma sake tayar da zancen ba. An dai ƙara wa katangar baya tsawo. Fura ta ci gaba da zuwa, amma "ɗana" ya koma "Malam". In muka haɗu a zaure, ni in sunkuyar da kai, shi ya kau da nasa. Na san ya yarda tsuntsuwa ce, don ya san ta tun kafin a haife ni. Abin da na sa idonsa ya gani ne ya tsaya a tsakaninmu, ni kuma na rasa da wane baki zan ba shi haƙuri ba tare da na tuna masa ba. Na yi ta cewa gobe, har aka yi mini canjin wurin aiki zuwa Kiyawa. A can labarin rasuwarsa ya same ni, kuma har yau abin na ci mini rai.

Yanzu ina rarrabe gwara da baiwar Allah ko ba madubi, ba kuma wanda ya taɓa tambayata wannan ilimin. Abin da na koya da gaske guda ne: in aka ce me kake kallo, nakan fara da cewa "tsuntsu", sunan ya biyo baya.